Faifan Ƙarfe a Kan Soron Kaka

Abin da na fi tunawa daga ranar shi ne wani siririn kuka, tiii, da ke fitowa daga ɗan baƙin akwatin da aka ɗora a kan turmi a tsakar gidanmu na Kebbe. Ya yi kama da kukan sauro a bakin kunne, sai dai shi wannan roƙon Allah muke yi ya ƙaru. Ragon layyarmu yana ɗaure a gindin dogonyaro, duk lokacin da akwatin ya yi kuka sai ya amsa masa. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ta ƙamshi, kuma washegari ce ranar Arfa.

Maryama, domin ke nake rubuta wannan, ki karanta idan kin girma. A gidanmu an mayar da labarin abin dariya. Ƙannena za su gaya miki cewa akwai ranar da uwarki ta hau soro kamar akuya, gari yana kallo, don kawai tana son kallon talabijin. Hawa kam na hau. Amma su yara ne a lokacin, hawan kawai suka gani. Ni ma ban san duka labarin ba sai bayan shekaru.

A shekarar ina ajin kusa da ƙarshe a makarantar sakandare a Tambuwal, ina dawowa gida hutu. Rediyo ta daɗe tana sanarwa cewa za a rufe tsohon tsarin talabijin a koma sabo, kowa ya nemi ɗan akwatin da ake kira dikoda. Mu a Kebbe sanarwar ba ta tayar mana da hankali ba, domin tsohon tsarin ma bai taɓa isowa wurinmu da kyau ba. Muna da eriya a kan doguwar gora, idan an tayar da injin wuta aka kunna talabijin sai mu ga yashi yana tafasa, can cikin yashin inuwar mutum tana motsi, muna gardamar ko mace ce ko namiji. Baba ne ya dawo daga kasuwar Tambuwal wata rana da kwali da wani farin faranti babba ɗaure a bayan babur. Ya ce wannan dishi ne, da zarar an kafa shi ba a biyan kuɗin wata, hoton daga sama yake saukowa kyauta. Amma kafin a samu mai kafawa sai tafiyar aikin Hajjinsa ta taso, tafiyar da ya yi shekaru yana tara mata amfanin gona. Aka tura kwali da faranti ƙarƙashin gadon Inna, ya bar gida a hannun ƙanensa Baffa Garba, ya tafi.

Ni kuwa maganar nan ta kyauta daga sama ta hana ni sakat. Malaminmu na kimiyya ya taɓa zana mana duniya a allo, ya ɗiga ɗan ɗigo nesa da ita, ya ce wannan tauraron ɗan Adam ne, yana zagayawa tare da duniya, shi ya sa kullum yana wuri ɗaya a samanmu. Tun daga ranar nake tunanin cewa ashe hotuna suna zuba a kanmu ba dare ba rana, kamar ruwan da ba ya jiƙa kowa. Suna zuba a kan gero da dawa, a bayan shanun Fulani, a kan mata masu zuwa rijiya, teku da birane da fuskokin mutanen da ba mu sani ba, duk suna faɗuwa ƙasa suna ɓacewa don babu wanda ya tara musu kwano. Nakan ja farantin daga ƙarƙashin gado in shafa shi, in kara kunnena a tsakiyarsa. Ba na jin komai sai numfashina.

Dole in gaya miki wace ce Kaka, domin ba ki riske ta ba. Mahaifiyar Baba ce, 'yar siririya, mai kaifin baki, kuma a unguwarmu ita ake tambaya yadda ake yin komai, daga wankan jego har zuwa rabon naman suna. Baba shi ne ɗanta na fari, don haka tana yi masa kunya irin ta mutanen da. Tun yana jariri aka miƙa shi ga yayarta ta rene shi. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan dole ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "mai gidan ga". Yaron da aka sa wa sunan Baba, wato Umaru, a unguwa kuwa, a wurinta sunansa "mai sunan wancan". Kowace safiya Baba yakan durƙusa a ƙofar soronta ya gaishe ta, ita kuma ta juya fuska wajen bango ta amsa wa bango. Baffa Garba kuwa sunansa ba ya hutawa a bakinta, ta zage shi, ta ja kunnensa, ta ajiye masa ƙanzon tuwo, alhali yana da mata da 'ya'ya biyar. Ina ƙarama na ɗauka ba ta son Baba ne. Da na tambayi Inna sai ta yi dariya ta ce kunya ce, in na girma zan gane. Ranar da zai tafi Makka gida ya cika, ana kuka ana addu'a, Kaka tana cikin ɗaki. Ya durƙusa a ƙofa ya nemi gafara. Daga bayan labule ta ce, "A sauka lafiya," kamar mai sallamar baƙon da ya zo sayen kaza.

Kuma Kaka ba ta son talabijin, akwatin shirme take ce masa. Shi ya sa muka dubi juna ni da Inna lokacin da, ana saura kwana uku Arfa, tana tsinke zogale ba ta ɗago kai ba, ta ce:

"Faifan ƙarfen ga da anka aje ƙarƙashin gado, ado na?"

Inna ta ce, "Mai kafawa muka jira, Kaka."

"Shi mai kafawan ya san kuna jiranai? Ko wahayi za a yi mishi?"

A ranar Baffa ya buga waya Tambuwal. Malam Bello mai gyaran talabijin ya iso ana gobe Arfa da hantsi, shi da babur ɗinsa duk sun zama kalar laka, yana ta mita a kan hanya. Mutum ne mai ƙiba da fara'a, ga sifana a aljihun gaba inda wasu ke sa biro. Aka yi masa iso, mata suka yafa mayafi, ya shigo tsakar gida. Ya haɗa farantin a kan ƙafar ƙarfe, ya ja waya zuwa akwatin, ya ɗora talabijin a kan kujera 'yar tsuguno, aka tayar da inji. Na tsaya a bayansa ina kallon kowane ƙusa. Ya ce idan farantin ya dubi tauraron daidai, kukan akwatin zai ƙaru, wani layi a fuskar talabijin kuma zai cika ya zama kore. Ya juya farantin gabas, ya ɗaga, ya sauke. Ya koma bakin rijiya, ya koma kusa da madafa. Layin bai motsa ba. Dogonyaronmu da na maƙwabta sun haɗa kai sun rufe gabas ruf. Daga ƙarshe ya share gumi ya nuna saman soron Kaka da sifana.

"Can kaɗai. In ba can ba, sai dai a sare icce ukku."

Kin san al'adar garinmu. Namiji ba ya hawa soro ko bishiya a cikin gari sai an yi shela, a ce za a hau, matan maƙwabta su shiga ɗaki ko su suturta. Yawanci shelar ta isa. Amma bayan katangar soron Kaka gidan Gwaggo Hajo ne, kuma mijinta ya rasu bai cika wata biyu ba, tana cikin takaba. Baffa ya fita da kansa ya nemi izini wurin yayan marigayin. Ya dawo yana girgiza kai. An ce a yi haƙuri, gidan takaba ne, ko inuwar baƙon namiji ba sa so ta faɗa tsakar gidan har ta fita. Marigayin aminin Baba ne, ba wanda zai ja da maganar.

Baffa ya ce, "To, Malam Bello, sai bayan ta fita takaba. Wata biyu da 'yan kwanaki, kamar gobe na."

Malam Bello ya dubi sama ya ce shi ma gara ya kama hanya kafin hadari ya haɗu, jibi Sallah, ko wuƙarsa bai wasa ba. Ya durƙusa zai kwance waya. Ni dai na ji kamar an ɗauke mini kwanon abinci daga gaba. A nan ne Kaka, wadda ke zaune a ƙofar soronta tun ɗazu kamar ba ta san abin da ake yi ba, ta kira ni.

"Ke, 'yar boko. Taho."

Na je na durƙusa. Ta rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"An ce cikin abin ga ana nuna masu tsayuwar Arfa. Gaskiya na?"

"Gaskiya ne, Kaka. A daidai lokacin da suke tsaye."

"Har huskokinsu?"

"Har fuskokinsu."

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "Su mutanen da ke ciki, suna ganin wanda ke kallonsu?"

Na kusa yin dariya, amma na dubi fuskarta sai dariyar ta koma. Na ce mata a'a, hoton zuwa kawai yake yi, ba ya komawa.

"Kin tabbata? Kada ki yi min ƙaryar 'yan boko."

"Na tabbata, Kaka. Ko kin sa hancinki a jikin gilashin ba wanda zai san kina nan."

Ta sake ni, ta ɗaga murya.

"Garba! Namiji anka hana hawa. Ita wagga namiji ta?"

Baffa ya buɗe baki. "Haba Tsohuwa! Budurwa bisa soro, gari duk na kallo? Mi za ni ce ma Yaya in ya dawo?"

"Ka ce mishi ni na ce."

"Ke da kanki kika hana ɗiyan mutane dariya da ƙarfi bisa hanya."

"Garba, da za ni haihe ka ban shawarce ka ba. Ɗauko tsani."

Baffa bai ɗauko ba. Ya saka takalmansa ya fita. Inna ce ta ɗauko. Kafin in hau Kaka ta aike ni wurin Gwaggo Hajo in gaya mata da bakina. Na same ta a kan tabarma cikin tsohon zane, ba kwalli ba ɗankunne, tana tsince shinkafa. Ta saurare ni har na gama, ta yi murmushin da na daɗe ban gani a fuskarta ba.

"Hau, ɗiyata. Amma da sharaɗi. Daga can ana hangen gonar marigayi, wadda ke da tsamiya tsakiya. Ki duba min ko an yi mata noma. Kowa na tambaya sai shi ce min lahiya lau."

Na saka wandon makaranta na wasanni a ƙarƙashin zane, na ɗaure hijabina a ƙugu. Malam Bello ya nuna mini ƙusoshin da zan sassauta da waɗanda zan ɗaure, ya damƙa mini sifanarsa, sannan ya juya baya ya fuskanci talabijin har na gama hawa. Inna ta ɗaura farantin a igiyar guga na jawo shi, sai bulo huɗu ɗaya bayan ɗaya don danne ƙafarsa. Da na miƙe tsaye sai na manta abin da ya kawo ni. Shekara goma sha bakwai ina cikin garin nan, ban taɓa ganinsa ba. Ashe gidajenmu a manne suke da juna kamar saƙar zuma, kowace tsakar gida da hayaƙinta da ragonta. Ashe hanyar Tambuwal ja ce, tana lanƙwasa tana shiga cikin kore har ta ɓace. Gero ya kai gwiwa ko'ina, iska tana bi ta kansa yana kwantawa yana tashi. Can nesa shanu farare suna tafiya a jere. Na ga gonar mai tsamiya, an nome rabi, rabi ciyawa ta fi geron tsawo. Na ɗaga kai wajen gabas ina neman tauraron, na san ba zan gan shi ba, amma na nema.

"Malama!" in ji Malam Bello daga ƙasa. "Kallon gari anka aike ki? Juya shi hagu!"

"Hagunka ko haguna?"

"Ya salam. To, yi kamar za ki sallah. Kin dubi alƙibla? Yanzu karkato shi dama kaɗan. Kaɗan na ce! Wanga ai kin kai shi Yawuri."

Na dawo da shi. Na riƙa tura shi da tafin hannu a hankali, kamar yadda ake juya kan jariri mai barci. Kukan akwatin yana nan siriri. Na ɗaga bakin farantin sama kaɗan, na sake turawa. Sai na ji kukan ya canza, ya yi kauri, ya hau, ya hau.

"Tsaya! Tsaya nan! Ko numfashi kada ki yi!"

Ban ga hoton farko da ya shigo gidanmu ba. Guɗar Inna kawai na ji, da ihun ƙannena. Daga baya suka ce teku ce, shuɗiya, har ana ganin kumfa. Na ɗaure ƙusoshin da duk ƙarfina. Da na waiwaya kafin in sauka sai na ga mutane a bakin hanya sun ɗaga kai, har da masu fitowa daga shagon mai shayi, wani yana nuna ni da sanda.

Na sauka na je na gaya wa Gwaggo Hajo gaskiyar gonarta. Ta ce ta gode, dama jikinta ya ba ta.

Kafin la'asar magana ta zaga gari. Baffa ya daina amsa gaisuwata har Baba ya dawo. Uwar wata ƙawata ta hana ta zuwa gidanmu duk hutun. Sunan da aka laƙa mini a ranar, Zulai mai soro, har yau akwai masu kirana da shi a Kebbe. Amma wadda ta fi biya ita ce Kaka. Aminiyarta ta ƙuruciya ta zo har gida ta ce mata ta tsufa ta zubar da girmanta a kan akwatin shirme. Daga shekarar matan unguwa suka rage zuwa tambayarta yadda ake yin abu, suka koma wurin wata. Kaka mai amsa ga kowa sai ta ci gaba da jan carbinta.

Ranar Arfa duk muna azumi. Malam Bello ya nuna mini tashar da za ta nuna kafin ya tafi, don haka tun hantsi na kunna. Muka shigar da talabijin rumfar Inna, matan maƙwabta suka cika tabarmi, har da waɗanda suka yi gulmata jiya. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba. Fari ne ko'ina, kamar an shanya auduga daga nan har ƙarshen duniya, kuma audugar tana motsi tana addu'a. Wani lokaci a nuno su daga sama kamar tururuwa, wani lokaci a matso kan fuska ɗaya har ka ga hawaye yana bin kumatu. Mata suna ta salati. Kaka ba ta shigo da wuri ba. Sai da rana ta take ta fito, ta ce zafi ya yi yawa a soronta, ta ratsa mutane ta zauna gaba da kowa, gwiwarta tana taɓa kujerar talabijin. Ni na daina kallon Arfa, na koma kallonta. Duk fuskar da aka nuno sai idonta ya bi ta da sauri, ya auna, ya sake ta. Fari, baƙi, tsoho, yaro. Bakinta yana motsi amma carbin ya tsaya a hannunta.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas. Hoton ya fara kakkaryewa gida-gida, ya tsaya cak, ya ɗauke. Aka bar mu da shuɗin gilashi da rubutu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Kaka ta juyo. "Mi ya hwaru? Kin ɓata shi?"

"Hadari ne ya shiga tsakani, Kaka. Sai ya wuce."

"In ya wuce suna nan?"

"Suna nan har faɗuwar rana. Amma ranarsu tana riga tamu faɗuwa."

Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba. Manomiya ce, 'yar manoma, ban taɓa jin ta yi wa ruwan sama ƙorafi ba, amma ranar ta zauna tana harararsa ta bakin rumfa. Mata suka fara zamewa suna tafiya ɗora abincin buɗa baki. Inna ta ce a kashe inji kada mai ya ƙare a banza, Kaka ta ce a bar shi. Muka zauna mu uku muna sauraron ruwa a kan kwanon rufi. Na riƙa lissafa a zuciyata ko saura nawa rana ta faɗi a can, ina tsoron kada iska ta ture farantin, ina tambayar kaina ko bulo huɗu sun isa.

Wajen la'asar ruwan ya tsagaita. Hoton ya yi tsalle, ya karye, ya dawo. Hasken can ya riga ya yi ja, inuwoyi sun yi tsawo. Sai aka nuno wani mutum baƙi, siriri, a tsaye shi kaɗai a gefen dutse. Ya maƙale koriyar lema a kafaɗa, ya ɗaga hannu biyu, idonsa a rufe, yana kuka ba ya sharewa. Mai ɗaukar hoton ya daɗe a kansa. Kaka ta matsa har numfashinta yana taɓa gilashi. Ba ta ce ga wane ba. Ta dube shi tun daga goshi har gemu, a hankali, kamar mai karatun allo. Ta ɗaga yatsa kamar za ta taɓa, ta mayar.

"Ashe hurhura ta kama shi," in ji ta. Can kuma ta ce, "Goshin ubanai na."

Na dubi mutumin. Tsawon ya yi daidai, gemun ma haka, Baba yana da furfura a gemu tun ina firamare. Amma hancin kamar ba shi ba, kuma kamar shi. Na dubi Inna, ita da ta fi kowa sanin fuskar. Inna ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta. Aka ɗauke hoton aka koma kan taro. Kaka ta miƙe, ta kakkaɓe zane.

"Ku kashe abin ga, kuna ɓarnar mai," ta ce, ta koma soronta. Ba ta sake zama gaban talabijin ba har ta bar duniya.

Baba ya dawo bayan wata guda, ya rame, muryarsa ta dushe. Baffa ya kai ƙarata tun a hanya, amma da Baba ya ji wanda ya ba da umarni sai ya ce to, magana ta ƙare. Washegari da safe ya durƙusa a ƙofar soro yana gaisuwa, Kaka ta ba shi baya tana amsa wa bango kamar kullum. Tambayar ta yi wata guda tana cina, ban iya riƙe ta ba.

"Baba, ranar Arfa mun ga wani a talabijin, gefen dutse, da koriyar lema. Kai ne?"

"Wa ya ce ni ne?"

Idona ne ya tafi wajen Kaka. Carbinta ya tsaya. Baba ya dubi bayanta, ya daɗe yana dubawa.

"Ni ne," ya ce. "Rana ta yi zafi, shi ya sa na riƙe lema."

Kaka ta ce wa bango, "Wa ya tambaye ku? Ku tashi min daga ƙofa, kun tare iska." Amma ranar ta sa aka yanka zakaranta, wanda ta hana a taɓa ko da Sallah, ta dafa da hannunta, ta ba ni kwanon ta ce in kai wa wancan.

Ta rayu shekara shida bayan haka. Bayan rasuwarta da 'yan watanni, ina da cikinki, Baba ya ɗauko ni a babur daga Kebbe zai mayar da ni gidana a Tambuwal. Yana tafiya a hankali saboda ramuka. Muna hira a kan Kaka, na ce masa har yau ina jin daɗi da Allah ya sa mai ɗaukar hoto ya tsaya a kansa, shi kaɗai cikin wannan taro. Sai da muka wuce wani kwazazzabo. Sannan ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Zulai, shekara hamsin ba ta dube ni ba. Ranar da ta duba, in ce mata ba ni ba ne?"

Ya ce zazzaɓi ne ya kayar da shi tun a Mina. A kwance aka kai shi Arfa, a kwance ya wuni cikin tantin masu jinya, ana ƙara masa ruwa, daga safe har faɗuwar rana bai ga komai ba sai rufin tanti. Kuma a duk tafiyar bai riƙe lema ba ko sau ɗaya.